Gaba Uku Da Na Yanke Daga Igiyar Baba Sale

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya rufa mini asiri na wani lokaci, kuma Ya tona shi a ranar da tonon ya fi mini alheri. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da jikoki. Ku matasa nake yi wa wannan rubutu. Da ajami na fara yin sa, yadda hannuna ya saba, daga baya aka mayar da shi boko.

Ni ɗan malami ne. Sai da na sauke Alƙur'ani sannan aka sa ni makarantar boko, na fito na zama akawu a sashen ruwa na ƙaramar hukumarmu. Lokacin nan ne aka kafa ƙananan hukumomi, kuɗin man fetur kuma yana shigowa ƙasa kamar ba zai ƙare ba. Ban fara da babbar sata ba. Galan ɗin fetur na motar ofis na fara kai wa gida, sai buhun siminti biyu da suka rage daga wani aiki. Ban taɓa kiran abin sata ba, ragowa nake ce masa. Ina kuma salla a sahun gaba.

A shekarar da nake ba ku labari, majalisarmu ta zauna kan kasafin kuɗi, buƙatu biyu suka yi karo. Gidan yarin garinmu tsohon ginin En'e ne, ya cika har fursunoni na kwana a zaune, aka roƙi majalisa ta taimaka da ginin ƙarin ɗaki. A ɗaya ɓangaren kuma ƙauyuka bakwai suna son a sa wa rijiyoyinsu famfon tuƙa-tuƙa. Kuɗin ba zai isa duka biyun ba. Ni na rubuta takardar da shugaban sashenmu ya karanta a zauren. A ciki na ce duk wanda ke gidan yari shi ya kai kansa, amma mai ƙishirwa ba shi ya zaɓa ba. Kansiloli suka yi tafi. Aka jingine maganar ɗaki, aka ba ruwa kuɗin. Ku riƙe wannan magana tawa, za ta dawo.

Rijiyoyin nan bakwai Baba Sale ne ya haƙa su, abokin mahaifina, wanda ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Da gaba yake awo, wato faɗin hannuwansa biyu. Injiniya ya ce gabar kowa daban take, kamfanin da zai yi famfunan a Ingila ba zai yi aiki da ita ba. Sai Baba Sale ya tufka doguwar igiyar rama, ya bi rijiyoyin cikin bazara lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, yana zura ta daga baki. Inda kowace rijiya ta kai, sai ya yi ƙulli ya ɗaura ɗan ƙyalle da sunan ƙauyen. Aka ce a kai igiyar kanta London su auna da nasu ma'aunin, su yanka bututu daidai. Da yake an zaɓe ni wani kwas na harkar mulki a can, aka haɗa ni da ita.

Ranar da ya miƙo mini ita ya ce, "Ɗana, ka ce wa Turawan kada su ja ta da ƙarfi, rama tana miƙewa. In za su yi kuskure, su yi shi wajen ƙari."

Na sauka a wani flat, wato ɗakunan haya, kusa da unguwar Whitechapel, wurin Malam Habu, mutumin Katsina da ke koya wa Turawa Hausa a Bloomsbury. Kwana uku da zuwana dillalin kamfanin ya neme ni. Bature ne da ya taɓa aiki a ƙasarmu, yana jin Hausa kaɗan, yana ce mini Alhaji alhali ko Jidda ban sani ba. Ya saya mini kwat mai kauri, ya ce sanyi zai kashe ni. Mako na zagayowa ya kawo agogo. Na karɓa duka, na ce kyauta ce.

Sannan ya kai ni wani sito a bakin kogi. Akwai famfuna jibge da aka yi wa wata ƙasa ta fasa saye, bututunsu gajeru, ƙarfinsu bai kai na jawo ruwa daga nesa ba. Ya riga ya auna igiyata a ɓoye. Ya ce, "Alhaji, igiya ta yi tsawo kaɗan. Gaba uku kawai. In babu gaba uku, waɗannan sun yi, kuma rabin kuɗi ne. Sauran rabin, ni da kai." Na ce rijiya ba ta san wannan ba. Ya yi dariya ya ce ai damina tana zuwa kowace shekara.

Kwana biyu ina juya maganar. Ranar Laraba da hantsi, Malam Habu ya tafi aiki, na shiga banɗaki da reza. Na auna gaba uku daga bakin igiyar da hannuwana, na yanke. Da yake daga baki ake fara awo, duk ƙullin bakwai suka matso sama lokaci guda. Na naɗe sabon bakin da zare, na shafa masa ruwan shayi don ya yi kama da tsoho. Mai awon kamfanin, wani dattijo mai gaskiya da bai san komai ba, ya auna ya ba da takardar shaida. Aka tura famfunan ta jirgin sama, domin tashar jiragen ruwa ta Ikko a cushe take a lokacin. Igiyar ba wanda ya tambaye ta. Na cusa ta ƙasan akwatina tare da guntun da na yanke. Har yau ban san abin da ya hana ni jefar da guntun nan ba.

An kafa famfunan a ƙarshen damina, aka rufe bakin rijiyoyin da siminti, aka yi biki. Har hoto aka aiko mini. Ruwa yana sama, komai yana aiki. Na ce wa kaina ke nan Baturen ya yi gaskiya. Na sayi rediyo mai kaset, na aika wa matata atamfofi.

Wata takwas bayan nan Malam Habu ya shigo da wasiƙa. Ya ce, "Ga taka. Wannan hannun tsoho ne, ko wasali bai sa ba." Ajami ce, da tawadar gida. Baba Sale ne. Bayan gaisuwa ya ce bazara ta yi, rijiyoyi huɗu sun daina ba da ruwa, mata suna tuƙa famfo iska ce ke fitowa. Ruwan yana nan a ƙasa, suna jin ƙararsa in sun jefa tsakuwa ta ɗan ramin da aka bari, amma siminti ya hana guga shiga, hukuma kuma ta hana a fasa kayan gwamnati sai an gama bincike. Mutanen Tudun Marke, ɗaya daga cikin ƙauyukan, sun koma shan kududdufi, kurkunu ya fara kwantar da manoma. Masu bincike sun ce takardar kamfani ba ta ƙarya, saboda haka shi ne ya yi awon banza ya karɓi lada. Yana tsare a gidan yari yana jiran shari'a.

Ƙarshen wasiƙar shi ne wannan: "Ban ce ban yi kuskure ba, ɗana, tsufa ya zo. Amma ka aiko mini da igiyata a zura ta a rijiya kowa ya gani. In gajeriya ce na yarda."

Ko zargina bai yi ba. Wannan ne ya hana ni zama.

Daga ranar ƙafata ba ta ƙara tsayawa wuri guda ba. In na shiga aji, kafin malami ya gama jimla na fita. Sai in sayi tikitin tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, in hau layin da ke zagaye, in zauna har ya dawo da ni inda na hau, in sake. Na yi ta bin shagunan kasuwar Whitechapel ina neman igiyar da zan ƙara a bakin, in aika a ce ga ta cikakkiya. Duk ta roba ce, ko wata fara mai santsi. Na je har wurin masu sayar da kayan jiragen ruwa, na nuna wa wani tsoho ɗan zaren rama, ya shinshina ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ko da na samu ma, tufkar Baba Sale ta hagu ce, duk ƙauyen sun san ta. Na yi tunanin in ce ta ɓace. Na rubuta wasiƙar sau huɗu ina yagawa, domin in ta ɓace shi zai ci gaba da zama.

Abin da ya fi damuna famfo. In na buɗe na banɗaki zan yi alwala, ruwa ya zubo da ƙarfi, sai in ji kamar a kaina ake tuƙawa. Na koma tara ruwa a kwalbar madara, in rufe da sauri.

Malam Habu ya lura. Wata Juma'a muna fitowa daga masallaci ya ce, "Kai da ka zo sayen famfo, yanzu famfo kake gudu? Takalminka ma ya cinye. Ko wata Baturiya ce ta juya maka baya?" Na yi ƙoƙarin dariya ta ƙi fita. Ya dube ni sosai ya ce, "Malam, ba ka ci, ba ka zama, kuma a salla kana riga liman ɗagowa. Me ke cikin wasiƙar nan?"

A nan bakin titi na gaya masa komai. Bai yi mini wa'azi ba. Ya tambaye ni shekarun tsohon, na ce ya haura saba'in. Ya ce, "Wata nawa ke nan da zuwan wasiƙar?" Na ce biyu. Ya ce, "To kai kana yawo a tube wata biyu, shi a ina yake yawo?" Ya wuce ya bar ni tsaye. Washegari ya raka ni na yi booking ɗin jirgin komawa gida.

Ban biya gida ba, daga tasha kotu na nufa da akwatina. Na shimfiɗa igiyar a gaban alƙali, na ajiye guntun kusa da ita, na faɗi abin da na yi. Aka je Tudun Marke, aka fasa simintin, aka haɗa biyun aka zura. Ƙullin Baba Sale ya tsaya daidai kan ruwa, ko yatsa bai kauce ba. Aka sake shi. Ni aka ɗaure ni shekara huɗu, aka ƙwace abin da na tara. Dillalin yana ƙasarsu, ba abin da ya same shi. Kuɗin ruwan kuwa ya tafi, sai bayan shekara biyu majalisa ta iya sayen wasu bututun.

Ɗakin da aka sa ni shi ne wanda na ce kada a ƙara. Muna kwana ƙafar wani a kan ƙirjin wani, in za a juya sai an yi shawara. Wani tsohon fursuna ya nuna mini lungu kusa da bokitin bayan gida ya ce, "Nan mai rijiya ya zauna wata biyar. Kullum yana cewa ɗansa zai aiko da igiya daga Ingila. Ashe kai ne ɗan." Na tuna takardata da tafin kansiloli. Ni dai na kai kaina. Shi ni na kai shi.

Da na fito, na karɓi igiyar da guntun daga kotu na nufi gidansa. Na same shi zaune a zaure, ƙafafunsa sun kumbura tun zaman da ya yi, ya daina shiga rijiya. Na durƙusa na ajiye masa. Na shirya magana mai tsawo, ban iya faɗin komai ba sai, "Baba, ka yafe mini."

Ya ɗauki bakin biyu ya daɗe yana murza su. Sannan ya ƙulla su, ya ja da haƙori, ya shiga aunawa da hannuwansa gaba bayan gaba har ƙarshe. Ya ce, "Na yafe maka tun ina ciki, don kada in haɗu da ubanka da nauyi a zuciyata. Amma duba nan. Ƙullin ya ci taƙi guda. Ba za ta ƙara kai wa inda take kai wa da ba." Ya miƙo mini ya ce in tafi da ita, shi ba shi da sauran aiki da igiya. Bai kai shekara ba ya rasu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa zaman da ya yi kaffara ne.

Na ƙare rayuwata ina koyar da allo, ba a sake ba ni amanar ko kwabo ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Ku da za ku zauna a ofis gobe, ku ji tsoron abin da kuke kira ragowa, ku ji tsoron kyautar wanda yake jiran sa hannunku. Lambar da za ku rage a takarda, a can wani ƙauye mace ce tsaye da tulu, ko tsoho a lungu yana jiran ku da kyakkyawan zato. In kun riga kun yanke, kada ku yi wata biyu kuna yawo kamar ni, ku koma yau. Allah Yana karɓar tuba, na shaida haka. Amma igiyar tana rataye a ɗakina, kuma duk sanda na auna ta, taƙin nan guda bai dawo ba.