Babin da Aka Yanke a Aziziyya

Katsina zuwa Jidda

Ranar Talata, biyar saura kwata na asuba, na fita daga gida da jaka ɗaya da kwali ɗaya. A kwalin akwai littattafai goma sha huɗu na tarihin Turai, darasin da na shekara ashirin da shida ina koyarwa kafin in yi ritaya. Alhaji Ɗan'asabe, abokina tun muna kwalejin horon malamai, shi ya aiko mini da tikitin umra. Yana da 'yar makaranta a Jidda ta 'ya'yan Hausawa haifaffun can, masu shirin zuwa gida rubuta jarrabawar gama sakandare. Ya ce tarihi ke kayar da su, in zo in yi musu bita.

Na yi salla a tasha, muka tashi biyar da rabi. Kilomita ɗari da saba'in zuwa Kano, shinge huɗu. A na uku ɗan sanda ya buga kwalin da tafin hannu.

"Baba, me ke ciki?"

"Sarakunan Turawa ne da yaƙe-yaƙensu."

Ya jinjina, ya ji nauyi, ya ce mu wuce. Jirgi ya tashi sha ɗaya, muka sauka Jidda ana kiran magariba. Direban Alhaji, Malam Haruna, mutumin Ɗanja mai shekara ashirin a ƙasar, ya kai ni unguwar Aziziyya. Na damƙa wa Alhaji kwalin da hannuna. Washegari na tafi Makka na yi umra, na dawo da la'asar.

Aziziyya

Makarantar ɗaki biyu ce a hawa na uku, babu allo a ƙofa. Ranar Asabar, bayan na karya da dafaffen waken ful da gurasar tamis na riyal uku, na soma aiki. Ɗalibai goma sha huɗu, an raba maza da mata da labule. Kwana uku muka yi a kan Zamanin Farfaɗowa: masu zane na biranen Italiya, injin ɗab'i, ɓarakar da ta raba coci gida biyu, jiragen ruwan Fotugal. Yaran suna da kai, sai dai rabin amsarsu da Larabci take fitowa.

Ranar Talata na ce a buɗe babin Juyin Juya Halin Faransa. Na ji ana ta juya shafi. Can Nafisa, 'yar Malam Haruna, ta ce daga bayan labule, "Ustaz, mafi. Babu shi a nawa."

Na karɓi na yaron da ke gabana. Daga shafi na ɗari biyu da goma sha biyu sai na ɗari biyu da arba'in da ɗaya. An bi da reza an yanke, tsaf, har gindi. Na duba duka goma sha huɗun, haka suke. Na shiga ofishin Alhaji.

"Ɗan'asabe, wa ya taɓa mini littattafai?"

"Ni ne. Zauna, mutumina."

"Ba zan zauna ba. Babin da ba shekarar da ba ya fitowa a jarrabawa, shi ka yanke?"

Ya tashi ya rufe ƙofa. "Kai baƙo ne, da bizar umra ka shigo. Nan ƙasar sarki ce. Ka tara yara, rabinsu ba iƙama, ba izinin zama, ka ce musu talakawa sun fille kan sarki? Yaro ɗaya ya maimaita a kan titi, kafilina da ya tsaya mini a ƙasar nan ya ji, halas, an rufe mu."

Na san ba ƙarya yake ba. Amma me ya hana shi faɗa mini tun ina Katsina? Ya bari na ɗauko kwali daga wata uwa duniya, ya ci abinci da ni kwana bakwai muna dariya, ashe ya riga ya bi littattafan da reza. Iyayen yaran nan, masu wanki da dako da tuƙi, sun amince 'ya'yansu na samun cikakken karatu, shi kuwa ya shirya tura su ɗakin jarrabawa da rami a kai, bai gaya wa kowa ba. Na ce ko takardun ya ba ni. Ya ce ya ƙone.

Cikin mota

Da zai mayar da ni masauki, Malam Haruna ya ce, "Malam, babin nan yana kanka?"

"Ko daga barci aka tashe ni."

"To motar nan ba ta da kunne. Yalla."

Kwana uku, daga la'asar zuwa magariba, muka mayar da motarsa aji. Ni a gaba, Nafisa da ƙanenta da 'yar ƙanwar mahaifiyarta, duk ɗalibaina, a baya da takardu a cinya. Mu tashi daga Ammariyya, mu zaga ta Bab Makka, mu miƙe bakin teku, mu juyo, gilashi a rufe. Na ba su labarin manoman da haraji ya danne alhali masu sarauta da manyan coci ba sa biya, da tsadar burodi, da ranar da jama'a suka fasa kurkuku, da takardar da aka rubuta cewa an haifi kowa da 'yanci daidai da na kowa.

Nafisa ta tsayar da ni. "Ustaz, kowa ɗin, har da baƙaƙen da suke bautarwa a tsibirai?"

Na ce a'a, sai da aka yi shekaru kafin su 'yanta su, daga baya ma suka mayar da su bauta.

"Yani su ma sun yanke nasu shafin," in ji ta, ta ci gaba da rubutu. Mahaifinta kuwa sai da ya wuce kwanar da za mu shiga.

Na roƙe ta ta ba sauran su kwafa. Malam Haruna ya girgiza kai, ya ce aikinsa a hannun Alhaji yake. Ban ƙara ba.

Gida

Ranar Asabar jirgi ya tashi tara na safe, muka sauka Kano kafin azahar, na shiga gida biyar da kwata na yamma. Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Haruna da ya ƙona mansa ya sa aikinsa a haɗari. Alhaji Ɗan'asabe kuwa, na gode da masauki da abinci. Yara goma sha huɗu na je koyarwa, uku suka ji darasin. Sauran sha ɗayan suna nan tafe jarrabawa a watan Mayu, kuma har yau ba su san an cire musu komai ba sai takarda.