Abin da Madubin Baba Bai Gani Ba

Baba ya ƙare aikinsa yana duba jinin mutane a wani ƙaramin asibiti a Zariya. Da ya yi ritaya aka bar masa tsohon madubin likitan da yake aiki da shi, irin wanda ba ruwansa da lantarki, sai an kai shi bakin taga ya kamo rana. Muna yara ya ishe mu da labari ɗaya: wai wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan ya goge gilashi don duba zaren kayansa, rannan ya duba ɗigon ruwa da shi, sai ga halittu suna iyo. Masanan zamanin suka ƙaryata shi, har sai da suka leƙa da kansu. Baba kuwa bayan masanan yake. In dai bai leƙa ya gani ba, kada ma ka ɓata bakinka.

Labarin nan ne ya kai ni karatu Kuala Lumpur. A jami'armu akwai tattaɓa-kunnen madubin Baba, na'ura mai cin ɗaki guda, wadda ke hango abin da haske ba ya iya nunawa. Ko sabawa da ita ban yi ba aka sa dokar kulle saboda annoba. Na koma zaman ɗaki a unguwar Wangsa Maju, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki.

Ana cikin haka Umma ta kira. Baba na fama da zazzaɓi da tari, ya daina jin ɗanɗanon abinci. Maimakon asibiti, sai ya soki yatsansa, ya shafa jinin a gilashi, ya rina, ya kai bakin taga. Bai ga komai ba. Ya duba kakinsa, nan ma babu. Shi ke nan, mura ce.

Na ce ta ba shi wayar.

"Baba, don Allah ku je a yi muku test. Virus ne, madubinku ba zai kama shi ba."

"To, likitar Malesiya. Ke kin gan shi?"

"Ga hotuna ko'ina, Baba."

"Ban tambaye ki hoto ba. Da idonki."

Shi ya rene ni a kan kada in ce na ga abin da ban gani ba.

"A'a, Baba. Lab ɗin a rufe yake."

"To in kin gani ki kira ni."

Har yau ina jin haushin kaina. Kalma ɗaya ce fa, "e", kuma da ya tafi asibiti, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Na sake kira washegari na yi kuka, na yi masa tsawa irin wadda ban taɓa yi ba. Ya ce in bar ɓata kati. Sai da numfashi ya gagara aka ɗauke shi, ya kwana biyu ya cika. Ba jirgin zuwa gida. A waya na yi zaman makoki, a kan katifa, ni kaɗai.

Da aka buɗe jami'a, malamata ta sa wa na'urar wani samfurin cutar da aka kashe ƙwayar cikinsa, ta matsa min kujera.

"Boleh," in ji ta da yarensu, wato ina iya dubawa.

Ga su nan, ƙulle-ƙulle masu ƙayoyi, launin toka, ba wani abin kallo. Ƙarfe uku na rana ne, wato takwas na safe a Zariya, daidai lokacin da rana ke shigowa tagarsa. Sai da na ga lambarsa a tafin hannuna na san na ciro waya.