Malam Dominic da Sifikun Sabon Gari

Duk wanda ya yi firamare a Hayin Dogo a shekarun baya, kunnen Malam Dominic ya fara sani kafin bulalarsa. Aji guda na haddar lissafi da murya ɗaya, shi yana bakin taga ya ba su baya, sai ka ji ya ce, "Ke ta bencin ƙarshe, baki kawai kike motsawa." In aka waiga, ita ɗin ce kuwa.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Samaru yana saurayi, da akwatin ƙarfe a ka. A nan ya yi aure, a nan ya gina ɗaki biyu da falo mai rufin kwano, a nan ya koyar har ya yi ritaya. Sunan matarsa Winifred, amma ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa. In da ita yake magana, "ke" ce. In maganarta yake yi, Maman Marvellous. Ta rasu a 2003 bayan gajeriyar jinya, ta bar masa kabad cike da kwanukan tangaran da kaset guda ɗaya.

Kaset ɗin na zumuntar matan cocinsu ne, wani taro da suka yi tun yara na ƙanana. Mata cike da coci, ga tulun kiɗa, ga ganga, ga caki. A waƙa ta uku akwai wata murya da ke hawa ta bar sauran a ƙasa, kuma Malam ya sa a ransa tata ce. Sai dai rikodarsa ta tsufa, komai aka sa mata sai ya fito kamar daga cikin rijiya. Abin da yake so bai wuce ya ji muryar nan sarai ba, kafin kaset ɗin ya gaji ko kunnensa ya gaji.

Da kuɗin sallamarsa suka fito, ya sa rigar zuwa coci, ya zura kaset ɗin a aljihun gaba, ya hau bas sai Sabon Gari.

Layin masu kayan sauti ba wurin da mutum zai ji tunanin kansa ba ne. Kowane shago ya fito da sifikunsa bakin titi, ya juya fuskarsu waje, kowa na ƙoƙarin danne maƙwabcinsa. Haka ake gwajin kaya a wurin: faifan mai shago, ƙara har ƙarshe, wanda ya fi girgiza ƙasa shi ne mai kyau. Malam ya shiga shagon wani Kingsley, Inyamuri haifaffen Jushi, wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram.

"Baba Tica, barka da zuwa. Na coci ne ko na biki?"

"Na gida ne."

"Gidan biki?"

"Gidana. Falo. Ni kaɗai."

Kingsley ya dube shi kamar ya ce yana neman tirela don zuwa cefane. "To me za ka riƙa ji?"

Hannun Malam ya kai aljihu, ya taɓa kaset ɗin. A bakin shagon 'yan acaɓa na tsokanar mai lemo, wani na rawa da kwalbar ruwa a hannu, ana ta shewa. Ya janye hannun.

"Waƙa dai," ya ce.

"Shi ke nan, ka zo gida." Kingsley ya jawo wasu sifiku biyu da suka kai masa ƙirji, ya haɗa su da amfilifaya, wato akwatin da ke ba su ƙarfi, ya sa faifansa ya murɗa, kaurin kiɗan ya girgiza shagon. "Ka ji bas? Ka ji shi a ciki?"

"A haƙori nake jin shi."

"Haka ake so. Dubi abin da aka rubuta a jiki, wat dubu biyar. Ni ban rubuta ba, daga waje ya zo haka."

A cikin wannan hayaniyar komai ƙarami ba ya ko jiyuwa, manyan nan kuwa sun fito tsaf. Malam ya ce a ɗaure masa su.

Malam Bernard, maƙwabcinsa, tsohon ma'aikacin gona da ba ya barin abu ya wuce bai tanka ba, yana zaune ƙarƙashin mangwaro aka sauke kayan.

"Baban Marvellous, firji biyu ka sayo? Wutar da za ta sanyaya ɗaya ma ba mu da ita."

"Zo ka kama mini, ka bar surutu."

Suka shigar da su. Sifikun suka cinye rabin falon, sai da aka fitar da kujera ɗaya. Malam ya jona rikoda, ya sa kaset, ya zauna ya haɗa hannu a gwiwa. Tulun zumunta ya buga sau ɗaya, rufin kwanon ya amsa. Ya sake bugawa, kwanukan kabad suka hau rawa. Matan kuwa suna can baya, can nesa, kamar an rufe su a ɗaki ana daka a ƙofar. Da aka zo waƙa ta uku, muryar da ya sayi duk wannan kaya dominta ta ɓace ƙarƙashin ganga. Ya rage ƙara, kowa ya ɓace tare. Ya ƙara, tulu ya dawo shi kaɗai.

"Mai tulun dai ta ci riba," in ji Bernard.

Malam ya koma Sabon Gari. Ya ce wa Kingsley muryoyi ba sa fitowa.

"Waɗanne muryoyi?"

"Na mutane."

"Amfilifayan ne ya yi musu kaɗan. Doki biyu ka ɗaura wa igiyar akuya." Ya sauko da wani mai nauyin buhun siminti, mai fanka a baya da fitilu masu tsalle a gaba. Ya gwada da faifansa, fuska waje. Maƙwabcin shagon ya ƙara tasa ƙarar don haushi. Malam ya tsaya a tsakani yana neman murya a cikin kiɗan da babu murya a cikinsa, kaset ɗin na aljihu, bai fito da shi ba. Haka ya biya ya ɗauko.

Wutar Hayin Dogo ba ta cika zuwa da ƙarfinta ba. Sabon amfilifayan ya sha abin da ya samu, ya kama gurnani kamar zuma ta shiga ɗaki, fankarsa na hura nata. Yanzu sai ya zama tulu na gaba, gurnani na biye, matan na uku. Malam ya sayi sitabilaiza mai daidaita wuta, gurnanin ya ragu, tulun ya ƙara lafiya. Ya matsar da sifikun daga bango, ya mayar da su, ya ɗora su kan bulo, ya toshe ramin bas da tsohuwar singileti. Kowane gyara sai ya maido kaset baya, kuma kowane maidowa yana jin kamar ya kankare wani abu daga jikinsa.

Bernard ne ya kawo shawarar lasifika mai ƙaho, irin ta wa'azin fili. Akwai wata ajiye a sito na coci. "Ita murya kawai ta sani, ba ruwanta da ganga."

Gaskiya ne, muryoyi sun fito. Sun fito kamar ana waƙa ta cikin gwangwanin madara, duk matan sun zama mace ɗaya mai mura, kuma har bakin titi ana ji. Ɗaliban da ke haya a bayan gidan suka leƙo ta katanga suna roƙon Baba ya tausaya, jarabawa ake. Da hantsi wata mata ta yi sallama da Littafi a hammata, tana tambayar yaushe ake fara sujada. Malam ya cire wayar da ƙarfin da sai da ta tsinke.

Ran Lahadi bayan coci 'yarsa Marvellous ta zo daga Palladan da tuwo a kula. Ta tsaya a ƙofar falo tana neman inda za ta sa ƙafa.

"Baba, da wane kaset kake gwadawa a shagon?"

"Da nasa."

"To ai nasa ka saya wa kaya, ba naka ba. Ka kai na Mama mana."

"In kai mamanki kasuwa? 'Yan acaɓa su yi rawa da ita?"

"Ai da ƙafarta take zuwa kasuwar nan, kuma duk layin 'yan kifi ba wanda ya kai ta baki."

Malam ya jawo kular. Ya ci tuwon yana hararar sifikun.

Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya koma shagon. Ya tarar da Kingsley na cin doya, ya ajiye kaset ɗin a kan kanta. Kingsley ya goge hannu, ya zura shi a rikoda, hannunsa ya tafi kan ƙara kamar yadda ya saba. Malam ya riƙe hannun.

"Juyo da sifikun ciki. Ka sauke ƙofa."

"Ƙofa? Baba Tica, tsakar rana ce. In na rufe shago yanzu, kafin la'asar an ce kwastan sun kwashe ni."

"Mai ɗakina ce a ciki. Ta rasu. Ni na ɗauki kaset ɗin da hannuna, kuma babu wani. Muryarta nake nema, ba bas ba."

Kingsley ya ajiye cokali. "Tun zuwan farko ka zo da shi?"

"Yana aljihu."

"Ka bar ni ina ta loda maka kayan gidan rawa." Ya fita ya yi magana da maƙwabcinsa da yarensu, ƙarar can ta ragu kaɗan, ba da son rai ba. Ya jawo ƙofar ƙarfen har ƙasa. Shagon ya yi duhu da zafi, ƙugin layin ya koma kamar ruwan sama a nesa.

Shi kansa Kingsley bai taɓa gwada kaya da ƙofa a rufe ba, bai san wanne zai yi ba. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi kauri, wancan ya yi tsini kamar allura. Malam na cewa "cire", Kingsley na zufa yana canza waya. Da na kan kanta suka ƙare, Kingsley ya tashi daga abin da yake zaune a kai, ashe wasu ƙananan sifikun katako ne 'yan gwanjo, da suka daɗe ba mai tayawa har suka zama kujera. Ya haɗa su da wani tsohon amfilifaya marar fitila ko ɗaya.

Tulun ya koma wurinsa, a baya. Caki ya koma gefe. Matan suka matso gaba, har ana jin inda suke jan numfashi. Malam ya rufe ido. Waƙa ta uku ta zo, muryar ta hau, sarai, kamar mai ita na tsaye a cikin shagon.

"Ita ce?" Kingsley ya tambaya a hankali.

Malam ya buɗe ido.

"Elizabeth ce. Matar mai kemis ɗin layinmu. Jiya ma na gan ta tana shanya barkono."

"Ka tabbata?"

"Shekara nawa ina raba muryoyin yara ta bayan kai. Elizabeth ce."

Ya kasa kunne cikin sauran, ya bi su benci benci kamar yadda yake bin aji. Ya gane matar fasto, ya gane wata da ta koma Kafanchan. Tasa tana ciki, ya sani, amma ta narke cikin taron, babu sifikar da za ta tsamo ta. Tun rasuwarta yake zama gaban rikoda yana share hawaye kan muryar matar mai kemis.

"Cire," ya ce.

Kingsley na laluben maɓalli a duhu, waƙar ta kai ƙarshe. Malam bai taɓa barin kaset ɗin ya wuce nan ba, kullum daga waƙa ta uku baya yake maidowa. Benci ya yi ƙara, wata ta yi tari, sai wata murya dab da rikodar, ƙasa ƙasa, da faɗa a cikinta:

"Malam, kashe abin nan haka. Batirin tocila ne fa ka cire, da me za mu koma gida?"

Ƙyas. Sai shuu ɗin kaset da babu komai a kansa.

Kingsley ya tsaya da hannu a sama. 

"Duk zamanmu da matar nan," in ji Malam cikin haushi, "ban taɓa yin abin da ta ce nan take ba. Sai ranar. Da na yi gardama ko kaɗan, da ta ƙara magana."

Wani ya buga ƙofar daga waje yana kiran Kingsley, wai ga mai sayen kayan biki.

"Baba Tica, in ɗaure maka ƙananan? Manyan ka dawo da su, zan san yadda na yi."

"Ɗaure. Amma tukuna." Ya matso da kujerarsa kusa da sifikar hagu, inda muryar ta fito. "Maido baya kaɗan. Kada ka kai kan Elizabeth."