Littafin da Malam Dikko bai sa wa suna ba

Ina shirin shiga aji da safen nan 'yarsa ta kira ni: Malam Dikko ya rasu a Gwandu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. 

Ɗalibaina, ba ku san shi ba, kuma laifina ne.

Shi ne duba-garin da aka haɗa ni da shi a Kalgo ƙarshen shekarun tamanin, ina sabon ma'aikacin lafiya. Shi ya koya min dafa allura. A bayan kekensa na san ƙauyuka. In na manta guzuri, sai ya ce shi ya ƙoshi, ya tura min furarsa.

Wata damina amai da gudawa ta ɓarke a wani ƙauye bayan Kalgo. Kowa ya ce rijiya ce. Aka zuba magani, mutane ba su daina kwanciya ba.

Malam ya bi gida gida da ƙaramin littafinsa yana tambayar inda mara lafiya ya je kwana biyu kafin ya kwanta. Amsa ɗaya ta yi ta dawowa: zaman makoki. Kwano ɗaya ake ajiyewa, kowa ya tsoma hannu ya wanke kafin cin tuwo.

Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya roƙi liman a koma zuba ruwa da buta, a sa sabulu. Cutar ta lafa.

A shekarar aka ba da gurbi ɗaya na karo karatu a jami'a, fannin bin diddigin annoba da hana yaɗuwar cuta. Malam ya cike fom. Wani babba a wurin aikinmu ya ce a kawo littafin zai haɗa da fom ɗin ya kai Sakkwato.

Ni na kai da hannuna.

Babu sunan Malam a bangon. Na ce ya rubuta, ya ce ai kunya ce mutum ya sa sunansa a kan aikin ceton rai.

Binciken da ke cikin littafin ya fito a rahoto da sunan wancan babban. Shi ya tafi kwas ɗin. Yau Dakta ake ce masa, kuma ɗazu na ga ya rubuta ta'aziyya yana kiran Malam "amintaccen yarona".

Yaronka?

Mun ci abinci kwano ɗaya da kai. Malam ya yi jinyar mahaifiyarka.

Ni ma na yi shiru, saboda ina neman nawa gurbin. Na samu daga baya. Shekara da shekaru ina koyar da labarin kwanon nan ina cewa "wani ma'aikaci".

Da Sallar da ta wuce na je gaishe shi. Ya zuba min ruwa da buta da kansa. Na fara tayar da zancen littafin, ya ce mutanen ƙauyen sun rayu, wannan ya ishe shi. Can muna ci sai ya ce:

"Wai can jami'a, mi aka koya muku?"

Na lissafa masa. Sai ya ce:

"Ashe da na iya."

Shi ya yafe. Ni ban kai can ba tukuna.

Ba zan kama sunan kowa ba. Amma ku da kuka zauna ajina, ku buɗe littattafanku, inda kuka rubuta "wani ma'aikaci" ku soke, ku sa Malam Dikko.

Gobe zan tafi Gwandu zaman makoki, da butoci da sabulu.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi ladan da muka hana shi a duniya. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya ambaci sunansa.