Naman da Ƙuda Ya Ƙi

Kallamu mahauci ne ɗan mahauci, daga Indabawa a birnin Kano. Ya sauka Enugu yana saurayi, a bayan motar shanu, da niyyar ya yi damina ɗaya ya koma gida. Niyyar tana nan har yau, gemunsa ne dai ya yi fari a kanta. Yana zaune a unguwar Asata da matarsa Barira. Rumfarsa kuwa tana layin mahauta a kasuwar Ogbete, da teburin katako wanda wuƙa ta riga ta cinye tsakiyarsa, da gatari, da ƙugiyoyin rataye nama.

Mutum ne mai zargi tun asali. Ba ya shan ruwan leda sai ya ɗaga shi ya duba a hasken rana. Ba ya hawa okada sai ya kalli idon mai tuƙin. Idan ka gaishe shi da fara'a fiye da ta jiya, zai amsa, amma zai wuni yana tunanin abin da kake nema.

Babban abin da ya mallaka a Ogbete shi ne suna. Matan Ibo masu gidajen abinci sun san naman Kallamu na yau ne. Da safe ake yanka, kafin la'asar ya ƙare, abin da ya rage kuma ya karyar wa masu tsire da 'yan dako, domin ba shi da inda zai ajiye shi. Mutane suna kiran wannan riƙon amana, shi kuma bai taɓa gyara musu ba.

Babbar cikin matan nan ita ce Madam Obiageli, mai gidan abinci kusa da tashar mota. Teburin da ta tsaya a gabansa, can sauran suke tsayawa. Tana da hanyarta ta gwada nama: ta danna da yatsa, ta sansana, sannan ta ja da baya ta dubi ƙudaje. Akwai jita-jitar da ta daɗe tana yawo a kasuwanni cewa wasu mahauta suna shafa wa nama maganin da ake yi wa gawa don kada ta lalace, kuma wai ƙuda ba ya sauka a kan irin wannan nama. Saboda haka a wurin Madam ƙuda shaida ne, kuma irin wanda ba a taɓa jin an saye shi ba. Teburin Kallamu bai taɓa rasa shaidu ba.

Matsalar ta shigo ta hannun surukinsa Muhyiddeen, mijin 'yarsa ta fari Sadiya, wanda yake sayar da kayan sola a babbar kasuwar Onitsha. Yaro ne mai ladabi, ya yi karatun lantarki, yana kuma da tausayi, abin da ya fi komai haɗari a cikin ukun. Ya zo gaisuwa wata rana, ya tarar da surukinsa yana fama da ƙudaje a kan cinyar saniya, abin ya taɓa masa zuciya. Bayan ɗan lokaci sai ga mota ta sauke firji mai fuskar gilashi, da faifan sola, da batura, da fitila a ciki mai sa nama ya yi ja kamar a talla. A jikin gilashin an manna sunan shagon Muhyiddeen da lambar wayarsa, da manyan baƙaƙe.

Muhyiddeen ya durƙusa ya ce, "Baba, ai zamanin ƙuda ya wuce. Ba asara kuma, abin da ya rage ka kulle, gobe ka ci gaba."

Kallamu ya kau da kai gefe, kamar yadda ya dace tsakanin mutum da surukinsa, ya ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ƙara buɗi."

Da ya koma gida ya ce wa Barira, "Me yake nema?"

"Wa?"

"Mijin yarinyar nan."

"Lada yake nema, Malam."

"Tunda nake ban taɓa ganin ladan da ya zo da lambar waya ba."

Firjin dai ya cika duk alkawarin da aka ɗauka a madadinsa. Yana sanyi, ba ya ƙara, bai damu da ko an kawo wuta ko an ɗauke ba. Ƙuda ko ɗaya bai samu hanyar shiga ba.

Madam Obiageli ta zo ta tsaya a gaban gilashin, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce da Turancin buroka, "Alaji, wia di flai?" Wato ina ƙudajen suka tafi.

"Suna waje, Madam. An hana su shiga."

"Wa ya hana su?"

"Gilashi."

Ta sa ya buɗe, ta danna naman, ya yi mata sanyi a yatsa. Ta share yatsan a zaninta a hankali. Ta saya a ranar, amma ba kamar yadda ta saba ba, kuma a kan hanyarta ta fita ta ɗan tsaya a teburin Sagiru, mahaucin da ke maƙwabtaka da Kallamu.

Sagiru matashi ne mai baki. Tun daga ranar ya daina korar ƙudajensa. Duk macen da ta gifta sai ya ce, "Madam, zo ki gani, nawa har layi suke yi." Idan Kallamu ya harare shi sai ya ce, "Baba Kallamu, ni ban ambaci kowa ba. Da baƙina nake magana."

Ba da daɗewa ba magana ta zaga layin cewa dattijon nan mai gilashi yana da abokin hulɗa a wani ɗakin ajiye gawa. Kallamu ya fara zargin Sagiru. Daga baya ya zargi Sagiru da Muhyiddeen a haɗe, ko da yake ya kasa gano ribar da Muhyiddeen zai ci. A ƙarshe ya zargi firjin kansa: an gan shi ya cusa kai ciki yana sansana kusurwoyinsa, ko akwai abin da kamfanin ya zuba bai faɗa ba.

Ƙaryar ba ta yi masa ɓarna kamar gaskiyar da ke kusa da ita ba. Tunda yanzu yana da wurin ajiya, nama ya fara kwana. Masu tsire da 'yan dako suka daina zuwa da la'asar, suka kuma shiga cikin masu yaɗa maganar. Wata safiya Madam ta nuna wata cinya ta ce, "Na yau ne?" Tambaya ce da ta daɗe ba ta yi masa ba, domin a da babu buƙata.

Kallamu ya ce, "Da sanyinsa, Madam."

Ta dube shi, ta ɗauki kwandonta ta wuce.

Ya ce wa Barira zai mayar da abin Onitsha. Ta ce, "Ka mayar wa suruki kyautarsa? A gidansa fa yarinyar take. Da wane ido za ta dube shi?" Ya ce to zai kashe shi ya ce ya lalace. Ta ce ai gobe za ka gan shi ya zo da kayan gyara. Kallamu ya san haka ne.

Sai ya aika aka roƙi Madam ta zo. A gabanta ya ciro naman da aka yanka da safiyar nan, ya shimfiɗa a kan tsohon teburinsa, ya naɗe hannu. Suka tsaya suna jira. Naman ya ɗauki sanyi, ba ya tashin ƙamshi, ƙudajen layin kuwa duk suna wurin Sagiru, inda aka saba karrama su. Mutane suka fara taruwa.

Sagiru ya ce, "Baba Kallamu, in ara maka guda biyu?"

"Riƙe danginka."

Can da naman ya huce, wani ƙuda ya zo ya zaga, ya sauka a hular Kallamu, sannan ya gangara kan tsokar. Kallamu bai taɓa kallon wata halitta da irin wannan godiya ba.

Madam ta ce, "Ɗaya ne. Kuma bai daɗe ba." Amma ta saya.

Daga nan aka shiga wani tsari. Nama ya koma kan tebur, firjin kuma ya koma sanyaya ruwan leda da zoɓon maƙwabta. Idan Muhyiddeen zai taso daga Onitsha, Sadiya ta kira uwarta, Barira ta kira Kallamu, a kwashe zoɓo a jera nama a bayan gilashi. Muhyiddeen ya zo ya durƙusa, ya ɗauki hoto, ya tafi yana nuna wa mahautan Onitsha da na Fatakwal. Madam ta dawo, sauran matan suka fara biyo ta.

Tsarin ya yi aiki har ranar da Madam ta samu aikin abincin biki, ta dawo kasuwa da azahar, lokacin da ba ta saba zuwa ba. Ta tarar da teburin fayau, nama duk yana cikin gilashi a ƙarƙashin fitila, ga wani saurayi mai tsabta yana goge ƙofar da hankici. Muhyiddeen ne. Ya ga babbar mai saye, ya ga damar taimaka wa surukinsa. Ya gaishe ta da harshen Ibo mai kyau, ya ce, "Madam, ki saki jiki. Naman nan zai iya yin sati a ciki, ko ke ba za ki gane ba."

Kallamu ya buɗe baki. Amma mutum ba ya ƙaryata mijin 'yarsa a tsakiyar kasuwa, balle ma yaron bai yi ƙarya ba. Ya rufe bakinsa ya dubi ƙasa. Madam ta yi wa Muhyiddeen godiya a kan bayanin, ta taka zuwa teburin Sagiru, kuma a can take har yau, da sauran matan a bayanta.

Kallamu bai karye ba. Yanzu nama yana zama a firjin kullum, tunda babu sauran wanda ake ɓoye wa. Ma'aikatan banki da matan manya sun gano shi, suna zuwa da yamma bayan an tashi aiki, suna son gilashin da fitilar. Ba sa danna nama, ba sa tambayar yaushe aka yanka, ba su san sunansa ba, mai firji suke ce masa. Yana yanka musu, yana ƙulle musu a leda, yana bin su da kallo har su ɓace. Ya gaya wa Barira cewa bai yarda da su ba, domin duk wanda zai sayi nama bai yi tambaya ko ɗaya ba, akwai abin da yake shiryawa.