Faifan Kaka Mai Jan Kwali

A gidanmu na unguwar Ƙuba a Madina, in sanyi ya shigo, kan soro muke hawa bayan Magariba. Kakarmu Hajiya Dije, wadda ta haifi ummarmu, ta zo Madina daga Damagaram tun tana amarya, kuma har ta rasu ba ta taɓa yi mana tatsuniya da Larabci ba. Takan hura gawayi a kasko ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Mu haihuwar nan ne, muna jin Hausa amma Larabci ke riga ta zuwa bakinmu.

Dokarta ɗaya ce. In ta gama, sai ta nuna ɗayanmu da tsinken tona wuta ta ce ya maimaita. "Da Hausa. Wanda ya ce mini ya'ani, ba shi da dabino." Wannan kalmar Larabci ba ta barin bakinmu; ni dai na sha rasa dabino.

Autanta, Kawu Sale, yana aiki a shagon ɗaukar bidiyon biki a unguwar Aƙiƙ. A lokacin ne sabbin faya-fayai iri biyu suka fito, masu ɗaukar hoto fiye da na da nesa ba kusa ba. Ɗaya a shuɗin kwali yake, ɗaya a ja, kuma na'urar wannan ba ta kunna wancan. Kawu ya tsaya kai da fata cewa mai jan ne zai ci kasuwa. Wata rana ya hau soro da kyamarar shago.

"Inna, faifan nan zai riƙe tatsuniyoyinki kaf, har jikokin jikoki."

"Wa zai kunna musu?" in ji Kaka.

"Na'ura mana."

"Ita na'urar tana haihuwa ne?"

Muka fashe da dariya. Ta gyara mayafi saboda kyamara, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "To, ta iso ƙofa, wa zai tarbe ta?" Muka ce mu ne.

Ta ce wata mata ce ta bar wa 'ya'yanta biyu irin gero mai zaƙi da babu kamarsa. Babbar ta zuba nata a tulu, ta yaɓe bakin da laka, ta binne a gindin tsamiya. Ƙaramar ta bi maƙwabta tana ba kowa cikin tafi, har 'yar'uwarta na ce mata wawiya. Sai ruwa ya ci unguwarsu, ya tafi da rumbuna, ya tumɓuke tsamiyar. Babbar ta yi ta tona har hannunta ya yi kanta, ba ta gane wurin ba. Ƙaramar kuwa ta bi gidajen kan tudu tana waƙa a kowace ƙofa, ana fito mata da irin uwarta. Kaka takan rera waƙar tana kaɗa cokali a jikin kofin shayi.

Kawu ya juye hoton a faifai mai jan kwali. Kaset ɗin kyamarar kuwa, kamar yadda suke yi a shago, sai ya ɗora bikin wasu a kansa. Ba a jima ba mai shuɗin ya cinye kasuwa, aka daina ƙera na'urar ja. Tamu ta lalace bayan rasuwar Kaka. Kawu ya karaɗe kasuwar gwanjo bai samu wata ba, kuma har yau in aka ɗauko zancen sai ya tashi ya fita.

Bara 'yata Ruƙayya ta ga faifan a durowa, ta tambaye ni da Larabci me ke ciki. Na zaunar da ita, sai ga tatsuniyar tana fita daga bakina tiryan-tiryan. Da na zo kan waƙar na tsaya cak, ta ɓace mini. Na kira yayata a unguwar Bani Harisa, ta rera farkonta ta maƙale. Ɗan kawunmu ne ya kawo ƙarshen ta waya, yana tuƙi. A lokacin na gane abin da tsohuwar ke yi da tsinkenta: raba mana take yi, cikin tafi cikin tafi.

Muryarta tana cikin kwalin nan, kuma ina kewarta ƙwarai. Amma da na gama, na nuna Ruƙayya da cokali na ce ta maimaita. Ta fara da ya'ani. Na janye farantin dabino.