Tsutsar Yaya da Kwanukan Hajiya

Yayanmu ya dasa tankin roba a tsakar gidanmu na Jakara, ya cika shi da tarwaɗa, wai kiwon zamani. Hajiya, mahaifiyarmu, ta yarda da sharaɗi ɗaya: ranar da kifin nan ya ja mata magana a unguwa, ranar tanki zai bar gidan.

Da abincin tarwaɗar na kanti mai garin kifi ya gagare shi saboda tsada, sai ya shigo da fara'a, wai ya gano mafita a waya.

"Hajiya, furotin ne zalla," in ji shi.

"Ɗan nan, tsutsa dai nake gani."

Tsutsar kuwa ce. Ruɓaɓɓen tumatir da dusa yake tarawa a bokiti bayan ɗakin girki, wani baƙin ƙuda ya yi ƙwai a ciki. Wari kuwa, wayyo Allah! Ni da nake shanya a wajen, har mayafina ya ɗauka. Haushin Yaya nake ji kamar in shaƙe shi. Amma a faɗi gaskiya, kifi ya yi ƙiba, sai sheƙi yake.

Da aka kwashe kifin farko, Hajiya ta soya, ta raba wa maƙwabta a kwanukanta na tangaran. A lungunmu ba a mayar da kwano wayam; ko gyaɗa ce sai an saka. To, Yaya da bakinsa ya riga ya yi wa 'yan majalisar ƙofar gida lacca kan tsutsa, har da nuna hoto.

Kafin la'asar kwanuka suka dawo. Kifi na nan ba a taɓa ba, kowanne an ɗora masa sabulu a kan murfi.

Tun da aka kawo Hajiya unguwar tana amarya ba a taɓa yi mata haka ba. Na ga idonta ya kawo ruwa, tausayinta ya kama ni. Washegari 'yan dako suka fita da tankin. Bokitin kuwa ita da kanta ta juye shi a lungu. Kajin maƙwabta suka yi ca a kai, suka cinye tas, masu su na kallo.

Ranar Sallah kwanuka suka shigo mana da soyayyen naman kajin nan. Hajiya ta buɗe, ta rufe, ta dube ni.

"Ke, ɗauko min sabulan nan."